Shuɗin Zaren Uwani

Tun da aka kawo na'urar karanta jini asibitin unguwa, likita ya daina duba mace, sai dai ta dangwala yatsa a kan na'urar. In jininta ya nuna gadon ciwon fatar gaba, a ɗaura mata shuɗin zare a hannu, a riƙa ba ta man shafawa.

Tabawa ta rako ƙanwarta Uwani karɓar man. Ciwonsu ɗaya, ƙaiƙayi da raɗaɗin da suka gada wurin uwarsu, amma na'ura ta ce jinin Tabawa fes yake.

Uwani ta baje kan benci, ta harɗe ƙafa tana cin gyaɗa. Tabawa ta jingina da bango, tana hararar zaren nan kamar awarwaron zinare. Rabonta da irin wannan zama har ta manta.

"Yaya, zauna mana."

"Ci gyaɗarki, 'yar gata."

Malamar asibiti ta leƙo, ta dubi hannun Tabawa, ta yi murmushi.

"Baiwar Allah, ke kam kin tsira. Masu lafiya a waje suke jira."

Tabawa ta fita cikin rana, tana takawa a hankali, ƙafafu a wawware.