Cikin Nagoggo Da Ya Kwanta

A shekarun da Turawa suka fara zama Zuru, babu macen da ta kai Nagoggo ƙafa a ƙauyen Manga. Ita ke daka kaɗanya, ta ɗauki man a ka har kasuwar Zuru, ta dawo ta tarar da masu jaki ba su sauke kaya ba. Abu ɗaya ke cin ranta: ta haura arba'in ba ta taɓa goyo ba.

Sai jinin al'ada ya ɗauke mata. Zafi kan taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe ta, ga saurin fushi, ga tumbi ya ɗan fito. Mijinta Arzika ya ɗauka ciki ne, ya yi murna har da yanka zakara. Watanni suka shige babu haihuwa, mutane suka ce cikin ne ya kwanta, zai tashi.

"Daga yau ba daka, ba kasuwa," in ji Arzika. "Ki zauna ɗaki, kada ki girgiza muna ɗiya."

Yayarta Kulu ta zo dubiya, ta tarar da ita zaune kamar tulu.

"Nagoggo, wanga ba ciki ba ne. Jini ne ya gama kwanansa, ni ma haka ya yi mini. Tashi ki motsa jikinki."

"Yaya, ke da kike da ɗiya bakwai, ɗaya ɗin ma baƙin ciki kike mini?"

Kulu ta ɗauki mayafinta ta fita. Gaskiya kam ba ta iya bakinta ba, amma ba ta yi ƙarya ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Nagoggo na zaune, ko rana ba ta gani. Ta sa aka saƙa mata zanen goyo, ta naɗe ta ajiye cikin ƙwarya. Jiki ya yi nauyi, gwiwoyi suka riƙe, ƙafar nan da ta san duwatsun Zuru ta koma rawa.

Wata safiya ta ɗaga tulun ruwa a bakin ƙofa, ƙafa ta goce. Faɗuwar da da can za ta kakkaɓe zane ta wuce, ita ta karya mata ƙugu.

Maɗori ya taɓa, ya girgiza kai. "Ƙashin ya yi gautsi. Zan ɗora, amma tafiya sai abin da Allah ya yi. A ba ni ƙyalle mai ƙarfi."

Aka duba ɗakin, ba a sami wanda ya fi zanen goyon ƙarfi ba. Da shi aka ɗaure ta, tana kallo tana hawaye. Ba ta sake taka kasuwar Zuru ba.

Jama'a, ɗaukewar al'ada ba kwantaccen ciki ba ne, ba kuma cuta ba ce, sauyin jiki ne da ke jiran kowace mace. A lokacin ne ƙashi ke rage ƙarfi, zama wuri ɗaya kuwa ƙara lalata shi yake. Ku gaya wa matanmu gaskiya da taushin baki, ku bar su su motsa jiki.