Man Na'ana'a a Bakin Rumbu

Kwana uku ke nan Bawa bai ji motsin ɓera a rumbunsa ba. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, daga ɗaki yake kasa kunne.

Ya kira matarsa, har da murmushi. "Mariyama, kin gani? Man na'ana'ar da na sa aka sayo a Ƙonni ya yi aiki. Dama mai maganin ya ce ƙamshinsa gigita ɓera yake yi. Ƙara shafawa a bakin rumbu, hatsinmu ya kai mu kaka."

Mariyama ta daɗe tana juya kwalbar a hannunta. Ko buɗe ta ba a yi ba.

"Malam, ban shafa komai ba. Hatsin ne ya ƙare."