Malamar da Ta Sa Aka Kashe Kyamara

Ke da za ki fara koyarwa ta bidiyo, tsaya ki ji wannan. An yi wata malamar ungozoma a birni, gwana ce ta gaske, sai dai akwai ta da gaggawa. Tana koyar da matan da ke karɓar haihuwa a ƙauyuka masu nisa, ita a gaban kwamfuta, su kowacce riƙe da wayarta. Da ta ga sabis na yawan ɗaukewa, sai ta ce duk su kashe kyamarorinsu, ita kaɗai za a riƙa gani. Ranar da darasi ya zo kan jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, ta ɗauki 'yartsana tana nuna yadda ake daidaita kansa kafin a hura masa iska. Ashe daidai nan hotonta ya daskare a wayoyinsu, murya kawai ke tafiya. Ta ce, "Kun gane?" Suka haɗa baki, "Mun gane, Malama." Yo wa zai katse babba ya ce a maimaita? Ai kunya ba za ta bari ba.

Ran nan da rana tana cin tuwo, sai ga kiran bidiyo daga wata ɗalibarta. Ga jariri shimfiɗe kan zane, shiru, jiki ya saki. Ɗalibar sai matsa robar hura iska take, haɓar yaron kuwa na manne da ƙirjinsa, iskar ba ta shiga. Malama ta yi saurin cewa, "Ɗago haɓarsa kaɗan! Ba haka na nuna muku ba?" Ɗalibar ta ce cikin kuka, "Wallahi Malama ba mu gani ba, hoton tsayawa ya yi." Allah ya taimaka ta ɗago haɓar, ƙirji ya motsa, can sai yaro ya canyara kuka. Uwa na hamdala, dangi na guɗa, malama kuwa ta ture tuwon gefe tana tunani. Sauran ɗaliban fa? Suna can warwatse a ƙauyuka, kowacce da masu naƙudarta, kowacce ta ce ta gane, ita kuwa ba ta kalli idon ko ɗayarsu ba.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, labarin zuciya a tambayi fuska.