Motar Da Ke Shaƙewa A Kan Kwalta

Ka ce motarka tana rage ƙarfi in ka taka ta, har ka fara zancen sauke inji. Kai dai akwai ka da gaggawa, Malam. Zauna tukuna in ba ka misalin wani direba.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani direba mai tsohuwar mota, irin masu kafireto ɗin nan da suka girmi masu tuƙa su. Ita kaɗai ce mota a garin. A hanyar burji, inda ramuka ba sa barin mutum ya yi gudu, lafiyarta ƙalau. Amma da ya hau kwalta ya ba ta wuta, sai ta ɗan yi tafiya ta fara tari, ta riƙa fizga, ƙarfinta ya zube ko da ya danne totur har ƙasa. In ya tsaya ta huta, sai ta tashi kamar ba ita ba. Ya kai ta gareji a birni. Aka kwance kafireto aka wanke, aka canza fulogi, aka canza kwayil. A tsaye kuwa sai ta yi ta ruri har kunne ya toshe, don mota a tsaye ba wani mai take sha ba. Kowa ya ce ta warke. Ya hau hanya, ta koma gidan jiya. Da ya gaji sai ya ce tsufa ne, wasu suka ce baki ne. Ya rataya laya a madubi, ya koyi tafiya a hankali, ya bar zancen.

Ana nan da damina, tsakiyar noma, kububuwa ta sari ƙaninsa a ƙafa. Asibitin da ke da allurar kashe dafin yana da nisa, kuma wanda ya san kububuwa ya san ba ta jira. Aka kwantar da shi a kujerar baya, mahaifiyarsu ta ɗora kansa a cinyarta. Direba ya lallaɓa har suka fita daga burji, ya hau kwalta, ya take totur. Motar ta miƙe, har ya fara sa rai. Can sai tarin nan ya zo. Ta fizga, ta fizga, ta mutu a gefen hanya, ba gari gaba ba gari baya. Ya buɗe bonet. Ya taɓa wannan waya ya taɓa waccan, ya ƙwanƙwasa kafireto da sifana, bai ga komai ba. Ya jira, ta tashi, suka ɗan taɓa tafiya, ta sake shaƙewa. Ƙafar ƙanin ta kumbura ta yi sumtum, jini ya fara fitowa daga dasashinsa. Tsohuwa tana goge masa baki da gefen zaninta, ta ce, "Ɗan nan, ba za ta ƙara sauri ba?"

A tsayawa ta gaba, da dabara ta ƙare masa, sai ya ce ko mai ne ya ƙare, don allurar da ke nuna mai ta daɗe da mutuwa. Ya karyo kara zai zura a tanki. To, murfin tankin nan an daɗe da sace shi a tasha, shi kuwa ya sassaƙa itace, ya naɗe shi da robar tsohuwar tayar keke, ya toshe bakin tam. Har alfahari yake yi da shi, wai ko ɗigo ba ya fita, ko ƙura ba ta shiga. Ya ja toshiyar nan ta ƙi fita, sai da ya sa ƙarfi. Tana fita sai tankin ya ja iska, fuuu, doguwar zuƙa, ƙarfen da ya lotsa ciki ya dawo da ƙara. Ya zura kara, ga mai nan fiye da rabi.

Nan take ya gane. Ko mai shayi ya san gwangwanin madara huda biyu ake yi masa, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Murfin asali yana da 'yar huda kamar kafar allura, don iska ta maye gurbin man da ya fita. Shi ya toshe ta da hannunsa. A tafiyar sannu famfon mai yana samun abin da zai ja. A gudu kuwa yana ja tanki yana riƙewa, har kafireto ya bushe. Duk wankin da aka yi ta yi a gaban mota, ciwon yana can baya, inda ba wanda ya waiwaya.

Ya yi jifa da itacen cikin daji, ya shiga ya take. Motar ta tafi ba tari ba fizga, gudun da bai taɓa sanin tana da shi ba, har ƙofar asibiti. Aka ceci rai, amma ƙafar ta riga ta lalace, sai da aka yanke ta. Ƙanin bai taɓa ɗora masa laifi ba, kullum cewa yake haka Allah Ya ƙaddara. Wannan ya fi yi wa direban ciwo, don kowace safiya yana wanke mota yana jin ƙarar sandar ɗan'uwansa tana wucewa ta ƙofar gida.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.