Kalwar da Ta Ƙi Ruɓa

Tun da aka wajabta ciyar da kifin kiwo da abincin ganye, tarwaɗa ta daina ciwo.

Da hantsi Inna Kuluwa mai daddawa ta je tafkin kifin maƙwabcinta Tanimu, ta buɗe masa ƙwarya.

"Shinshina ka ji."

"Ba wari, Inna."

"Abin da ya kawo ni ke nan. Da ruwan da kake sakowa rafi na wanke kalwar nan, ta ƙi ruɓa. Me ke cikin abincin kifin nan?"

"Zogale da tafarnuwa, in ji kamfani."

Ya miƙo mata kifi kyauta. Ta dubi tiren kifin da ya shanya a rana, ko ƙuda ɗaya babu.

"Kai kana ci?"

Tanimu ya juya ya ci gaba da watsa wa kifi abinci.