Niƙan Farin Dutse

Tabarma, buta, gwangwanin man shafawa da buhun farin dutse. Da waɗannan kaya Halliru ya sauka daga jirgin ƙasan Ikko a Zariya, ya taka zuwa Kudan, inda ba wanda ya rage masa sai yayarsa Asibi.

Ya nuna mata sana'ar da ya koyo a shagon wani Bature: a niƙe dutsen, a zuba garin a man kaɗanya, sai ya yi kauri, rana ba ta narkar da shi.

"Dutse a fuska? Ka mayar da matan Kudan bango ne?"

"Shafa ki gani, Yaya. Ba ya cutar da fata."

Ta shafa, ta yi dariya. "To, zaman banza ya ƙare. Ni zan riƙa yi maka niƙan."

Tari ya sarƙe shi, ya rufe baki da hannu. Ya dunƙule hannun kada ta ga jinin da ya fito. Fata kam lafiya lau. Ƙurar ce ke cin ƙirjin mai niƙa, kuma ta riga ta ci nasa.

Ya ja buhun cikin ɗaki, ya rufe ƙofa.

"Ke sayarwa, Yaya. Niƙa ni kaɗai zan yi."