Matacin da Ya Daina Nawa

Tun da ka ce abin da ya daɗe yana ba ka wuya ya zo maka da sauƙi kwatsam, kuma ba ka san dalili ba, zauna ka ji labarin wani matafiyi kafin ka fara murna.

Mutumin nan tsohuwarsa ce ta matsa masa sai ya kai ta ƙauyen da aka haife ta, can bayan duwatsu inda mota ba ta shiga, ta ga dangi tun ƙafa na ɗaukarta. Ya haɗa kayansu a jakar goyo, ya jefa wani matacin ruwa da ya sayo a birni, ɗan bututu da bai fi gaɓar rake ba. Ka ɗebi ruwan tafki a jakar roba, ka ɗaura matacin a bakinta, ka matsa, ruwa ya fito garau ta ɗaya gefen. Da farko abin sai wanda ya gani. Amma ruwan hanyar nan ruwan laka ne, shanu sun shiga sun fita, kullum matacin sai ƙara nawa yake yi. Har ta kai sai mutumin ya durƙusa ya matsa da hannu biyu, jijiyar wuya ta tashi, ruwa na sauka ɗis-ɗis kamar ana roƙonsa. Shi kuwa gajen haƙuri gare shi, irin mutanen nan da ke tsayawa a kan tukunya suna faɗa da wuta. Ya zagi mai shago, ya zagi wanda ya ƙera. Tsohuwa dai tana inuwa tana jira, ta miƙe ƙafa, ga tabon kurkunu a idon sawunta, ciwon da ya kwantar da ita damina guda tun tana budurwa. Saboda ita ya sayi matacin. Ya san cikinta ba zai ɗauki abin da ya ɗauka a da ba, kuma in gudawa ta kama ta a dajin nan, babu asibiti, babu mai ƙwayar magani.

Wata safiya suna gangarowa, matacin ya zame daga aljihun jaka ya bugi dutse. Ya ɗauko ya jujjuya shi, ko ƙwarzane babu. Rana ta take sannan suka isa wani tafki, leɓen tsohuwa ya riga ya bushe. Ya ɗebo ruwa, ya matsa kaɗan, sai ruwa ya tsinke shar, ya cika gorar roba kafin ya gyara zama. Daɗi ya rufe shi. “Inna, ashe duka yake so,” ya ce yana dariya, ya ɗaga gorar sama don ta gani. Rana ta ratsa gorar, sai ya daina dariya.

A cikin ruwan da ya rantse garau ne, wasu abubuwa suna motsi. Fari-fari, ba su kai kan allura ba, su zabura, su tsaya, su sake zabura. Ya kawo ido kusa. Wannan yana tuƙi da wasu gashi biyu a goshinsa, wancan yana ɗauke da ƙunshin ƙwai hagu da dama kamar jaki da mangala. Gari guda ne da masu kai da kawowa, a cikin abin da bai wuce a kurɓa a ajiye ba. Kowanne Allah Ya ba shi rai, Ya ba shi abinci, Ya ba shi inda zai nufa, kuma babu ɗayansu da ya san wani ɗan Adam ya ɗaga duniyarsu da hannu ɗaya. Ya yi tasbihi a hankali. Bai taɓa jin ƙanƙantar kansa irin ta ranar ba. Sannan tsoro ya biyo bayan mamaki, don waɗannan ai manyan gari ne da ido ke iya kamawa. Ƙofar da ta bar su suka wuce, wa za ta hana?

Tsohuwa ta miƙo hannu, ya janye gorar. Hana uwa ruwa tana miƙo hannu ba ƙaramin abu ba ne, ya ji shi har cikin ransa. “Yi haƙuri, Inna, sai na dafa.” Ya tsinto ƙirare, ya hura wuta, ya ɗora buta. A jira ya tafasa, a jira ya huce, jiran da ya ninka duk wanda ya sa shi zage-zage a baya, amma ko tsaki bai yi ba. Yana zaune ya fasa matacin da dutse ya leƙa. Zaruruwa ne farare cunkushe, sirara kamar gashi, laka ta yi musu ja, wasu daga ciki kuwa sun tsinke. Nan ya gane nawar da yake zagi ita ce aikin. Duk ɗigon da ya fito da ƙyar, sai da aka tsare shi a ƙofa aka bincike shi. Ranar da matacin ya daina tsare kowa, ranar ya yi sauri.

Tsohuwa ta sha ruwa mai ɗumi mai ƙaurin hayaƙi, ta yi hamdala, ta kuma shiga ƙauyensu da ƙafarta. To kai ma, kafin ka kai sauƙin nan bakin wanda kake so, ɗaga shi ka duba da rana. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.